Littafin da na Haddace a Gidan Niƙa

A gidanmu na Yendi ba karanta littafi ake yi ba, ɗaukarsa ake yi. Mahaifina malami ne, kowa Malam yake ce masa har mu 'ya'yansa, kuma hanyarsa guda ce ba ta da reshe. Ka rubuta darasi a allo, ka biya shi har ya zauna a kanka, ka wanke, ka rubuta na gaba. Sai littafi ya cika cikinka sannan ka durƙusa a gabansa ya buɗe maka ma'ana. Wanda ya yi gaggawar buɗe wa kansa kuwa, ya shiga uku da bakin Malam. Yakan ce duk wanda littafi ne malaminsa, kuskurensa ya fi daidansa yawa. Tun ban san damana da haguna ba nake jin wannan magana, kuma ban taɓa zaton akwai ilmin da ba ta hau kansa ba.

Na yi boko har ƙarshen midil, kuma a lissafi babu wanda yake gabana a ajinmu. Ina ta mafarkin sakandare sai Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo daga Salaga. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, 'ya'yansa duk mata ne, ga shi kuma yana da injin niƙa, wanda mutanenmu ke kira nika-nika. Suka ƙule a zaure shi da Malam, da suka fito aka ce in haɗa kayana. An ba da ni riƙo ke nan. Ba a tambaye ni ba, kuma a lokacin ko a raina ban ga abin tambaya ba. Daga baya ne abin ya riƙa cina.

Wanda bai yi aikin niƙa ba bai san dogon wuni ba. Rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya, inji a tsakiya, mata a layi da kwanonin masara da gero da jiƙaƙƙen wake. In injin ya tashi ba ka jin komai sai shi, ko kiran salla sai dai a yi maka nuni da hannu. Gari ya hau gira, ya shiga kunne, ya zauna a maƙogwaro. Yaran unguwa in sun gan ni da yamma sai su ce ga tsoho ya taso, ina kuwa cikin ƙuruciyata. Ba ka isa ka matsa ko nan da can ba, don da ka ba da baya wata za ta cusa hannu inda bai kamata ba. Kawu ba mugu ba ne, bai taɓa zagina ba, tuwonsa tuwona ne. Wannan ma shi ya fi ƙona min rai, don ban sami abin da zan kai ƙara a kansa ba.

A shekarun nan malaman makaranta suna ta tururuwa zuwa Legas neman abinci. Akwai wani da yake haya a gidan Kawu, shi ma ya wayi gari ya bi sahu, ya bar kwali guda na tarkace a ɗakin. Da aka sa ni share ɗakin na tarar da wani littafi a ƙasan kwalin, bangonsa ya yage, gara ta ɗanɗana gefensa. Da Turanci yake, a kan motsin abubuwa ne: me ke sa abu ya tashi, me ke tsayar da shi, in ka jefa dutse ina zai sauka. Na buɗe shafin farko a tsaye da tsintsiya a hannuna, sai da matar Kawu ta leƙo ta ce ko aljanun ɗakin ne suka riƙe ni.

Sai na yi da shi abin da aka koya mini a yi da littafi. Na ɗauko allona da tawada, na rubuta sakin layi na farko, na biya, na haddace, na wanke. Lokacin man inji yana wahala, wani sa'in sai mu wuni ba mu tayar ba, to waɗannan ranaku su ne makarantata. In akwai mai kuwa, sai in jingina allon a kan buhu ina zuba hatsi ina biyawa da ƙarfi, babu mai jina. Har da alamomin lissafi nake haddacewa, in faɗe su da baki kamar yadda suke a jere. Wata rana wata mai koko ta daɗe tana kallon allon, ta ga layuka da kibiyoyi da baƙaƙen da ba ta taɓa gani ba. Ta jira layi ya ragu ta matso ta ce, "Ɗan Malam, in za ka wanke wannan kada ka zubar, ka tara mini a kwano. Ciniki ne ya tsaya mini." Na rantse mata ba hatimi ba ne, ta ce ai dama haka kuke cewa. Har ta bar garin tana ganin rowa na yi mata.

Kada a ɗauka ban ji daɗin abin ba. Na ji, har fiye da yadda zan iya faɗa. Mu a wajenmu an san komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma da an faɗi haka an gama magana. Shi littafin bai gama ba, cewa ya yi zai gaya maka inda zai faɗo, da lokacin, tun dutsen yana hannunka. Ya ce abu ba ya buƙatar a tura shi don ya ci gaba da tafiya, tsayar da shi ne ke buƙatar ƙarfi. Na yi kwanaki ina juya wannan magana, ina kallon jakuna da kekuna da gugar rijiya kamar baƙon da aka sauke jiya. A cikin rumfar nan mai ƙofa ɗaya, littafin ne kaɗai abin da na mallaka wanda ba Kawu ne ya ba ni ba.

A ƙarshen kowane babi akwai tambayoyi da ƙananan baƙaƙe. Tsani ya jingina da bango, jirgin ƙasa ya hau tudu, an rataya nauyi biyu a igiya ɗaya. Su ma na haddace su tsaf, da lambobinsu, ban amsa ko guda ba. Ba ragwanci ba ne. A sanina ɗalibi ba ya amsa wa littafi, tambayoyin na malami ne, ranar da zai buɗe maka sai ya bi da kai ta kansu. Nawa shi ne in kai masa littafin cikakke a kaina, ba gyara ba tuntuɓe. A haka shekaru suka tafi, damina na bin rani, har na kai bango na baya.

Matar Kawu tana da ƙanwa a Bawku mai fataucin albasa, muna ce mata Inna ta Bawku. Takan sauka gidanmu in za ta wuce Makango sayen bandar kifi. Ita ta ji ni ina biya karatu a bayan rumfa, ta ce akwai wani malamin kimiyya da ke haya a gidanta, kuma ta ji yana cewa tsohon da ke kula musu da ɗakin gwaje-gwaje na makaranta zai ajiye aiki. Suna neman mai kai, wanda zai wanke kwalabe ya jera kayan awo, in ya so ya zauna jarrabawa daga waje. Ban yi barcin kirki ba har ta dawo daga Makango. Na roƙi Kawu ya bar ni in raka ta in gaida mutanen can. Lokacin yana da ƙarfinsa, buhun masara shi kaɗai yake ɗorawa a kafaɗa. Ya ce, "Je ka ga gari, inji ba zai mutu ba."

Muka bi ta Tamale, muka wuce Savelugu, ni dai ban ga hanya ba, tilawa nake yi a zuci kada wani babi ya zame. Malamin, wanda kowa ke kira Masta, mutumin kudu ne da ya daɗe a arewa, ɗan siriri mai dariya da wuri. Ya kai ni wani aji da ba kowa bayan an tashi, ya zauna a kan tebur. Ni kuwa na cire takalmi na durƙusa a ƙasa, ya ce, "Ei, tashi, tashi, nan ba masallaci ba." Na miƙa masa littafin na ce ya buɗe duk inda ya ga dama. Ya buɗe tsakiya ya karanta rabin layi, na ɗauka daga nan na zuba. Ya juya wani wuri, na zuba. Ya riƙe baki yana bin shafin da yatsa, ni kuwa kaina sai fasuwa yake.

Sai ya rufe littafin ya ɗora a gefe. Ya ce, "To, ji wannan. Lori ya ɗauko albasa daga Binduri. Buhu ɗaya yana baya, ba a ɗaure shi ba. Direba yana gudu, ya ga akuya, ya taka birki." Ya tashi ya rubuta gudun motar a allon bango, da lambar da ke nuna yadda buhu ke kama katakon bayan motar. "Gaya mini, tafiya nawa lori zai yi kafin ya tsaya, in ba mu so buhu ya zame ya bugi kan direba?"

Na karanto masa dokar gogayya daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Na ji. Nawa?" Na karanto masa doka ta biyu ta motsi, da misalin da ke ƙarƙashinta. Ya ce, "Daidai ne. Nawa?" Na lalubi babi-babi a kaina ina neman inda aka ambaci albasa ko akuya, babu. Ya miƙo mini alli ya ce in zana buhun kawai, in nuna abin da ke tura shi da abin da ke riƙe shi. Na tsaya gaban allon da alli a hannu. Zane-zanen littafin duk suna kaina, amma ban taɓa yin nawa ba, ban ma san ana yi ba. Na ce masa cikin ladabi ai ba a buɗe mini ba tukuna, abin da ya kawo ni ke nan.

Bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni tambayoyin ƙarshen babi fa, nawa na yi? Na ce duk na haddace. Sai ya ce, "Abokina, wannan littafi ba a ɗauke shi a kai. Hannu ne yake yi. Ba wanda zai buɗe maka, ko ni ba wanda ya buɗe mini. Koma gida ka yi tambaya, ɗaya ɗaya, ka faɗi, ka sake. In ka iya, zo." Aikin kuwa aka ba wani.

Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Duk hanyar komawa fushi nake yi, na rasa wanda zan ɗora wa. Na yi da Masta, na yi da Malam, na yi da malamin da ya tafi Legas bai bar mini ko kalma ba. Da na isa Salaga na cusa littafin a ƙarƙashin katifa na ce mun rabu. Ban kai sati ba na zaro shi.

Na fara daga tambayar farko ta babin farko, wadda ɗan aji ɗaya zai yi yana hamma, ta ci mini wuni. A lokacin na gano lambobin da ke jere a bayan littafin amsoshi ne, ni da nake ɗaukarsu wani irin fihirisa. Na daina rubutu a allo, na koma yi a kan murfin durom, inda gari ke kwanta, in zana da yatsa in shafe da tafin hannu. Na faɗi ya fi a ƙirga. Aljabarata ta midil ta yi tsatsa, sai da na koma na wanke ta. Lissafin abin da ke canzawa yana cikin tafiya, wanda na haddace dokokinsa kamar ruwa, sai da ya sa na yi kuka da hawaye wata rana da azahar, don na ga ban san me nake faɗa ba duk shekarun nan. Haddar dai ba ta tashi a banza ba, ba na buƙatar buɗe shafi, amma ta zame mini kamar rumbu cike da hatsi da ba a yi masa ƙofa ba.

Buhun albasa kuwa yana nan yana jirana. Ranar da na kama shi ana tsakiyar niƙa ne. Na zana buhun, na sa nauyinsa ƙasa, na sa riƙon katako baya, na jera lissafin, sai na ga nauyin buhun ya fito a dama ya fito a hagu, ya cinye kansa. Ashe ko buhun ƙato ne ko ƙarami, tafiyar tsayawar ɗaya ce. Na yi ihu, babu wanda ya ji saboda inji. Garin wata baiwar Allah ya zube a ƙasa, ta wanke ni tas, ina ba ta haƙuri ina dariya.

Wannan karo na biyu ya ɗauki shekaru shi ma, don wuni na inji ne, abin da ya rage ne nawa. Ina can ina fama da tsani da igiya ban lura da abin da ke faruwa a gabana ba. Kawu ya daina ɗaukar buhu. Kafaɗarsa ta dama ta riƙe, in zai sa riga sai matarsa ta taimaka masa. 'Yan matan duk sun yi aure sun watse. Ya koma zama a benci bakin ƙofa yana gaisawa da masu wucewa, komai na rumfar ya dawo hannuna ba tare da an ce an ba ni ba.

Sai ga Inna ta Bawku da saƙo: wanda aka ɗauka ya sami abin da ya fi ya tafi, Masta yana tambaya ko mutumin albasa yana nan. Na je da hutun Salla. Wannan karon ban durƙusa ba. Ya ba ni tambayoyi uku, na yi biyu a tsaye, ta ukun na ɓata na gano da kaina na gyara. Ya buga tebur ya ce, "Yawwa! Yanzu kai ne." Ya ce in zo kafin a koma makaranta, ba zai iya riƙe wurin ya wuce haka ba.

Na biya ta Yendi, don a ganina wanda ya ba da ni shi zai karɓe ni. Malam ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Ya ce, "Wa ya buɗe maka littafin?" Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba a buɗewa, da kai ake yi." Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Game da tafiyar kuwa, ya ce shi abin da ya bayar ba ya amsa, in je in tambayi mai ni.

Na shirya wa Kawu maganganu iri-iri a hanya, har da amsar abin da zai ce. Duk ban yi amfani da su ba. Ya ji ni, ya ce, "Ai ka yi mini, ɗana. Je ka, Allah ya sa albarka." Ya ce akwai wani mutum a Makango da ya taɓa aikin inji, zai aika masa ya zo. Ranar tafiya ta matso, mutumin bai zo ba. Kawu ya ce kada in damu, yana hanya, kafin nan shi zai riƙe.

Da safen ranar tafiyar na yi wanka na sa rigar Salla, na rataya jaka. Lorin Tamale yana lodi a tasha, ba nisa, ana jin yaran mota suna kira. Na biya ta rumfa in yi sallama. Mata sun riga sun yi layi. Injin irin na da ne, ba makulli, da hannu ake tayar da shi: a zura wani ƙarfe mai gwiwa, a yi ta juya ƙaton wilin ƙarfen da ke jikinsa har ya ɗauki gudu, sannan a saki maɗaurin iska ya kama. Tun zuwana garin ni nake yi. Na tarar da Kawu ya tuɓe riga ya kama ƙarfen da hannun hagu. Ya juya, wilin ya tafi a hankali, ya saki maɗaurin, injin ya yi tari ya dawo da ƙarfen baya har ya kusa tsinke masa hannu. Ya huta, ya sake. Haƙarƙarinsa duk a waje, ban san ya rame haka ba. Na san sarai gudun da wilin yake buƙata kafin ya haye, na kuma san hannun nan ba zai kai shi ba ko zai wuni yana yi. Bai dube ni ba.

Na ajiye jakar a bakin ƙofa na ce, "Kawu, kawo in tayar maka kawai." Ya matsa. Juyi kaɗan injin ya kama. Kafin in zare ƙarfen ta farkon layi ta riga ta juye masararta, ga bel yana rawa yana neman a ɗaure shi, Kawu kuwa ya koma benci ya dafe kafaɗa yana haki. Na ce bari in gama wa wannan. Bayanta akwai wata. Ban ji tashin lorin ba.

Na ce gobe. Goben ma da safe sai an tayar da inji, jibi ma haka. Mutumin Makango har yau ban ga ƙeyarsa ba, kuma ban taɓa tambayar Kawu ko akwai shi ba, don ina tsoron amsar. Aka koma makaranta, Masta ya ɗauki wani, ban ga laifinsa ba. Abin da ke cina har yanzu shi ne, shekarun da na kashe ina haddar littafin su ne shekarun da Kawu yake da kafaɗa. Da na san hannu ake sa wa abin tun farko, da na tafi lokacin da tafiyata ba za ta kayar da kowa ba. Da ya hana ni ma, da na sami wanda zan yi fushi da shi in huta.

Jakar ta wuni a bakin ƙofa a ranar farkon nan, na ƙi taɓa ta, ina ganin muddin tana wurin ban fasa ba. Da la'asar matar Kawu ta zo kawo abinci, ta tsaya ta dube ta, ta dube ni. Sai ta ɗauke ta ta kaɗe, ta ce bari ta shigar da ita ɗaki kada gari ya ɓata ta.